Babi na 6: Taki Mai Rai Don Masara, Dawa da Alkama

Darasi na 1: Me ke cikin ledar?

'Yan'uwa manoma, kowa ya riƙe ledarsa. Baƙin gari ne a ciki, wani kuma ruwa ne a kwalba. A cikinsa akwai ƙananan halittu masu rai da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Kada sunan ya ba ku tsoro, ba duka ke kawo cuta ba. Waɗannan a jikin saiwa suke zama. Azospirillum da Azotobacter suna jawo naitirojin, wani sinadarin abincin shuka, daga iska, domin kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne. Wasu jinsin Bacillus kuma suna narkar da fosfaras, shi ma abincin shuka ne, da ya ƙame a ƙasa, shuka ta samu ta sha. Azospirillum yana ƙara yawan saiwa, shi ya sa manoman masara a Birazil suke amfani da shi sosai.

Ku karanta sunan da ke jikin ledar a hankali, harafi bayan harafi. In kun ga Rhizobium, ku ajiye shi gefe. Na wake da gyaɗa da waken soya ne.

Darasi na 2: Shafa wa iri

Ku zauna a inuwa. Tun kafin ku yaga ledar, ku tabbata kuna inuwa.

Ku zuba iri a daro mai tsabta. Ku yayyafa ruwan ƙaro ko ruwan sukari kaɗan, iri ya yi damshi kawai, kada ya yi tsamo-tsamo. Sannan ku zuba garin gwargwadon abin da aka rubuta a ledar, ku cuɗa da hannu har kowace ƙwaya ta yi baƙi-baƙi. Wanda bai gane ma'aunin ba ya tambayi malamin gona, babu kunya a ciki.

Yanzu ga inda aka fi yin tuntuɓe. Ku baza irin a kan buhu, a inuwa. Hannunmu ya saba da shanya a rana, na sani, amma wannan abu mai rai ne, zafin rana yana kashe shi. Ƙarƙashin bishiya, cikin rumfa ko cikin ɗaki, duk ya yi. In inuwar ta gusa, ku ja buhun ku bi ta. Kuna iyawa, sabo ne kawai.

Bara na faɗi wannan har muryata ta dushe, da na zagaya sai ga iri baje a kan dutse da tsakar rana. Haba jama'a! Sannan a zo a ce mini takin ba ya aiki? Ku maimaita da baki: a inuwa. Ku rubuta a littafinku sau 3: a inuwa.

Da irin ya sha iska, ku shuka a ranar, ƙasa na da laima, ku rufe ramin nan take.

Darasi na 3: Ajiya

Wuri mai sanyi, nesa da murhu da maganin feshi. Ku duba ranar lalacewa kafin ku saya. In ta wuce, ku bar shi.

Darasi na 4: Takin zamani

Kada ku daina sawa, kuma kada ku haɗa shi da taki mai rai a daro ɗaya.