Ku daina hura wa kaset ɗin gem iska

'Yan uwa masu tara kaset ɗin Sega da Nintendo, in ya ƙi tashi don Allah kar ku hura masa iska da baki.

Ku sami audugar goge kunne, ku ɗan jiƙa ta da sifirit ɗin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, ku goge haƙoran tagullan nan da ke bakin kaset ɗin gaba da baya har audugar ta daina fitowa baƙa. Ku bari ya bushe sannan ku saka.

Dauɗa ce ke hana haƙoran haɗuwa da na injin. Hucin baki kuwa da danshi yake zuwa, a hankali shi ke cinye ƙarfen, abin da ke sa gem ya tashi bayan hurawa cirewa da mayarwar nan ce kawai. Wallahi ina jin zafin ganin kaset mai kyau ya lalace a banza.

Amma fa ba kullum gogewar ke yi ba. In NES ne, wato tsohon injin gem na Nintendo, kuma duk kaset ya ƙi, galibi bakin injin mai fil 72, inda ake saka kaset, ne ya saki. In kuma gem na tashi amma sebin, wato ajiyar inda aka tsaya a wasa, yana gogewa, batirin ciki ne ya mutu, a kaset ɗin Super Nintendo ƙaramin batiri ne mai kama da kwabo, mai lamba CR2032, sai an canja shi da solda.