Yadda ake zaɓen bindigar farauta marar nauyi idan kuɗi kaɗan ne

Farautar manyan namun daji a Amurka da Kanada tafiya ce fiye da harbi. A duwatsun Roki, a jihohi irin su Kolorado, Montana da Aidaho, mai neman elk, wata ƙatuwar barewa da namijinta kan kai kilo 300, girman gwanki ko fiye, yakan yini yana hawa da gangara a tudun da ya kai mita 2,500 ko 3,000, inda numfashi ke yi wa mutum wuya. Wani lokaci ya cinye mako bai ja kunama ko sau ɗaya ba. Shi ya sa kowa ke neman bindiga marar nauyi, masu ƙera ta kuma sun san da haka, sun tsawwala mata kuɗi. Ga ɗan'uwa mazaunin can da ke son shiga wannan harka da ɗan abin da ke aljihunsa, ga yadda zai bi.

Mataki na farko: gama da takardu

Kafin ka leƙa shago, tabbatar doka ta yarda ka mallaki bindiga. A Amurka dillali mai lasisi zai sa ka cike fom mai lamba 4473, a binciki tarihinka a rumbun bayanan hukumar FBI, kuma sai ka cika shekara 18 kafin a sayar maka da doguwar bindiga, wasu jihohin ma sai 21. Mai katin zama na dindindin yana iya saye. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta aiki kuwa, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai in yana cikin waɗanda aka keɓe, misali mai lasisin farauta da bai ƙare ba. A Kanada sai ka yi kwas na kiyaye haɗari ka karɓi lasisin da suke kira PAL. Akwai kuma karatun farauta: a Kolorado duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 zuwa yau sai ya nuna shaidarsa kafin a ba shi izinin harbi. Kada kuma ka saya da tunanin wata rana za ka aika da ita gida. Fitar da bindiga daga Amurka sai da izinin gwamnati, shigar da ita Najeriya ko Nijar ba izini kuma babban laifi ne.

Mataki na biyu: wace dabba, a wane wuri?

Idan barewa za ka jira a kan dandamalin bishiya a Ohayo ko Jojiya, tafiyar minti goma daga mota, nauyi ba damuwarka ba ne, sayi duk wadda ta zauna maka a kafaɗa. Maganar rashin nauyi ta mai hawan dutse ce. Duba dokar jihar ma, domin wasu jihohin tsakiyar Amurka sun ƙayyade irin harsashin da za a harbi barewa da shi.

Mataki na uku: ƙayyade nauyin duka kayan

Nan mutane suka fi yaudarar kansu. Nauyin da ke rubuce a jikin kwali na bindiga ce tsirara. Kai kuwa abin da za ka rataya ya haɗa da madubin saiti, zobban da ke riƙe shi, maratayi da harsasai. Bindiga mai kilo 2.8, idan ka ɗora mata madubi mai giram 400, zobba giram 100, maratayi da harsashi huɗu wajen giram 200, ta koma kilo uku da rabi. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya nema, ya kuma tsaya a nan.

Dalili na farko kuɗi ne. Daga kilo huɗu zuwa kilo uku sauka ce mai araha, roba a madadin katako da siririn bututu sun wadatar. Daga wajen kilo uku zuwa kilo biyu kuwa sai an shigo da irin su zaren kabon ko ƙarfen titaniyom. Howa Superlite, alal misali, wajen kilo biyu take, amma kuɗinta ya haura dala dubu, ninki biyu na wadda ta fi ta da giram 800 kawai.

Dalili na biyu shi ne shuri. Idan harsashi iri ɗaya ne, ƙarfin da bindiga ke dukan kafaɗa da shi yana ƙaruwa daidai yadda nauyinta ya ragu. Ka rage ta daga kilo huɗu zuwa uku, shurin ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Wanda bindigarsa ke ji masa ciwo, jikinsa zai koyi zabura kafin harsashi ya fita, ya runtse ido, ya fizgi kunama, shi kuma bai ma san yana yi ba. Bugu da ƙari, bindiga sakayau ba ta natsuwa a hannu. Bayan ka hau tudu zuciya na bugawa, kowane bugu sai ka gan shi a cikin madubi.

Mataki na huɗu: zaɓi harsashi kafin bindiga

Tun da bindigar ba ta da nauyi, harsashin ya zama mai sauƙin kai. Manta da .300 Winchester Magnum da 'yan'uwansa. Suna son dogon bututu, sun fi tsada, kuma a bindiga mai kilo uku azaba ne. Ga waɗanda suka dace:

.308 Winchester, wanda ya fito a 1952. Da ni za a bi, shi zan ce a fara dubawa. Babu shagon ƙauyen da za ka shiga ka rasa shi, yana cikin mafi araha, gajeren bututu mai inci 20 ko 22 bai rage masa ƙarfi sosai ba, kuma da ƙwaya (kan harsashin da ke fita in an harba) mai nauyin giren 165, wato kusan giram 11, ya ishi elk a tazarar da yawancin mutane ke harbi.

6.5 Creedmoor, na kamfanin Hornady tun 2007, da 7mm-08 Remington na 1980. Dukansu sun fi .308 sauƙin shuri, sun dace da mai ƙaramin jiki ko sabon shiga. Na farkon ya cika kasuwa, na biyun sai an ɗan nema. A kan barewa ba su da makusa. A kan elk suna aiki, amma sai da ƙwaya mai ƙarko da harbi a daidai haƙarƙari.

.30-06 na 1906 da .270 Winchester na 1925 tsofaffin hannu ne, sun ciyar da gidaje da nama shekara ɗari. Sai dai dogayen harsasai ne, gidan sakatarsu, wato inda ake ɗura harsashi, ya fi tsawo, ya fi ɗan nauyi. In ka samu ɗaya a araha, kada ka ƙi saboda wannan.

Doka ma tana da ta cewa. Kolorado ba ta yarda da ƙwaya mai kaurin ƙasa da milimita 6 ba, kuma ga elk sai ta kai giren 85. Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma tun Yulin 2019, sai marar dalma, irin na jan ƙarfe, wanda ya fi tsada.

Mataki na biyar: su wane ne a kasuwa?

Nemi bindiga mai sakata, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi. Ita ce mafi araha, mafi sauƙin gyara, kuma ba jihar da ke ja da ita inda aka yarda da irin wannan harsashi. Ruger American, da ta fito a 2012, da Savage Axis duk ba su kai kilo uku ba, kuma an saba samunsu tsakanin dala 400 zuwa 600. In Axis ce, ɗauki samfurin da ke da kunamar AccuTrigger, wadda ake iya sassautawa. Mossberg Patriot da Winchester XPR ajinsu ɗaya da waɗannan. Tikka T3x Lite, ƙirar Finlan, ta fi su da dala ɗari biyu ko uku, kuma in aljihu zai iya, wurin da ya cancanci ƙarin ke nan: sakatarta sulɓi, kunamarta tsaf. Weatherby Vanguard, da kamfanin Howa ke ƙerawa a Japan, ƙaƙƙarfa ce amma ta doshi kilo uku da rabi tun ba a ɗora mata komai ba.

An ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne, waɗannan bindigogi ba su da kyan gani. Ƙotarsu roba ce mai ƙara kamar fanko. Amma wajen kai harsashi inda aka auna, ba su bar masu tsada da nisa ba.

Mataki na shida: gwada ta a hannu

Runtse ido, ɗora ta a kafaɗa, sannan ka buɗe. In idonka bai faɗa kan layin saiti ba, ba taka ba ce. Tuna da rigar sanyi mai kauri za ka yi farauta. Zura takardar dala ɗaya tsakanin bututu da ƙota, ka ja ta har gindi. In ta maƙale, robar na taɓa ƙarfe, hakan kuma na karkatar da harbi. Taɓa ƙusumbin robar da ke gindin ƙota, ya kasance mai taushi. In ta hannu za ka saya, haska tocila a cikin bututu ka nemi tsatsa, ka duba bakin ko ya taɓa buguwa, ka gwada makullin kariya sau da yawa.

Mataki na bakwai: madubi

Kada bindiga ta cinye kuɗin duka. Dabbobin nan da asuba da almuru suke fitowa, madubin banza kuma a lokacin yake dushewa, ko ya yi hazo in sanyi ya sauka. Mai girma 3-9x40, wato mai ƙara girman abu sau uku zuwa tara da gilashin gaba mai faɗin milimita 40, ya wadatar. Leupold VX-Freedom na wannan girma wajen giram 350 yake, Vortex ma na da masu araha da garanti mai kyau. Manyan madubai masu kilo guda na masu gasar harbin nesa ne, ɗora ɗaya kan bindiga marar nauyi ɓata lissafi ne.

Mataki na takwas: ware kuɗin harsashin gwaji

Sayi kwali biyu ko uku na kamfanoni daban-daban, domin kowace bindiga da wanda ta fi so. Siririn bututu yana saurin zafi, in ya yi zafi kuma harbi ya fara watsuwa, saboda haka harba uku, ka bari ya huce. In ukun suka taru cikin santimita huɗu a yadi 100, ya isa, tun da wurin huhu da zuciyar barewa ya kai faɗin santimita 20. Harsashin .308 da aka daidaita a yadi 200 yakan sauka fiye da santimita 20 a yadi 300, don haka ka san tazara kafin ka harba. Da ka gama daidaita madubi, bar teburin, ka sa abin toshe kunne, ka yi ta gwaji a zaune, a durƙushe, da kwance bisa jakar goyo. Tazarar da kake samun faranti na takarda a kowane harbi daga waɗannan zama, ita ce iyakarka a daji. Ga Musulmi kuma, a sa wuƙa mai kaifi a jaka, a yi bisimilla yayin sakin harsashi, in an tarar da dabbar da sauran rai a yanka ta.