Yadda na wanke sunana a rajistar masu bashi

An hana ni bashin injin markaɗe, wai akwai tsohon bashi a kaina. Bashin nan kuwa na wata ƙaramar ma'aikatar lamuni ne a nan Damagaram, na biya shi kaf tun tuni, su ne ba su shigar ba.

Ƙasashe 8 masu kuɗin sefa na yammacin Afirka suna da ofishin tattara bayanan bashi, wanda babban banki BCEAO ya ba lasisi, ya kuma fara aiki a 2016. Bankuna da ƙananan ma'aikatun lamuni suna aika masa labarin mai biya a kan kari da mai jinkiri. Can ake leƙawa kafin a ba ka ko dala.

Na zazzage ledar da nake ajiye takardu a shago, na ciro rasit na ƙarshe, hatiminsa har ya fara koɗewa. Na kai wa ma'aikatar lamunin, na ce: "Ranka ya daɗe, takardar shaidar kammala biya nake so." Da ita na rubuta ƙorafi, na riƙe kwafi mai sa hannu, na yi ta bibiya har aka gyara. Maganar baki ba ta aiki a nan.

Wani maƙwabcina a kasuwar Dole ya ce in nemi katin bashi don sunana ya yi kyau. Ban ga amfaninsa ba. Yawancin katunan da ke hannun mutane nan kuɗinka ne kake cira, ba sa gina komai. Na bashin kuma in ka makara ruwa ya hau, ga maganar riba. Cinikina dai yanzu ta asusun banki yake bi, don a gan shi a rubuce.