Yadda Ake Gane Shekarun Tsohon Katin Sabuwar Shekarar Yahudawa da Mutanen da Ke Jikinsa

Masu cinikin kayan tarihi a kasuwar Jakande da ke Lekki, inda 'yan'uwanmu Hausawa suka daɗe da kafa rumfuna, da masu tonon tsofaffin littattafai a Yaba, wani lokaci sukan tsinci katin gidan waya a tsakanin shafukan littafin da ya zo daga Turai, mai hoton wani mutum da cikakken baƙin gemu da rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu amma ba Larabci ba. Sau da yawa irin wannan katin na gaisuwar Rosh Hashana ne, wato sabuwar shekarar Yahudawa, wadda ke faɗowa a watan Satumba ko farkon Oktoba. Addu'ar da aka fi bugawa a kansa da Ibrananci ita ce a rubuta mutum cikin masu shekara mai kyau, domin a aƙidarsu a wannan lokaci ake duba ayyukan bayi a rubuta rabonsu.

Ka fara da bayan katin tun kafin hoton ya ɗauke maka hankali. An ƙirƙiro katin gidan waya a Ostiriya a shekarar 1869, kuma a farko adireshi kaɗai aka yarda a rubuta a bayansa, saƙo kuwa sai a cusa shi a gefen hoto. Layin da ke raba baya gida biyu, saƙo a hagu adireshi a dama, Birtaniya ta amince da shi a 1902, Jamus a 1905, Amurka kuma a 1907, don haka katin Amurka mai wannan layi bai girmi 1907 ba. Daga nan sai ka duba kan sarki da hatimin gidan waya. Katin da aka aika daga Warso da kan sarkin Rasha ya bar garin ne a lokacin da yake hannun daular Rasha, wadda ta rasa shi a 1915, wanda kuma ya fito daga Falasɗinu da kan sarki mai harsuna uku, Turanci da Larabci da Ibrananci, na zamanin mulkin Birtaniya ne, daga 1920 zuwa 1948. Ko da sunan kamfanin da ke jikin katin na birnin New York ne, ka nemi ƙananan rubutun da ke cewa a Jamus aka buga shi, domin kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya madaba'un Jamus ne suka riƙe wannan kasuwa.

Idan hatimin ya goge, shekarar Ibrananci za ta fisshe ka. Da haruffa ake rubuta ta, kamar yadda malamanmu suke rufe waƙoƙin ajami da ramzi, kuma galibi ana barin dubu biyar ɗin farko ba a rubuta ba. A misali, haruffan taf da resh da samek da he suna ba da 400 da 200 da 60 da 5, jimilla 665, wato shekarar 5665. Ka ƙara 1239 a kan 665 za ka sami 1904, lokacin da shekarar ta kama kuma aka aika katin. Ana yawan koyar da a ƙara 1240, wanda daidai ne ga mafi yawan watannin shekarar, amma ga katin sabuwar shekara zai kai ka gaba da shekara guda.

Sai kuma fuskoki. Mai baƙin gemun nan Theodor Herzl ne, ɗan jarida da aka haifa a Budapes a 1860, wanda ya wallafa ɗan littafinsa na neman ƙasar Yahudawa a 1896, ya kuma haɗa babban taron 'yan Sahayoniya na farko a birnin Basel na Suwizalan a watan Agusta na 1897. Hotonsa da ya fi yawo shi ne wanda Ephraim Moses Lilien ya ɗauka a 1901, yana jingine da barandar otal yana kallon kogin Rayin, kuma masu buga kati sun riƙa yanko shi su ɗora a gaban ganuwar Ƙudus ko gonakin Falasɗinu, abin da ba ya cikin hoton na asali. Herzl ya rasu a watan Yuli na 1904, amma hotonsa ya ci gaba da fitowa shekaru masu yawa, saboda haka ganinsa shi kaɗai ba ya tabbatar da shekara. Wanda yake gefensa ne ya fi ba da haske. Dattijo mai faffaɗan farin gemu yawanci Max Nordau ne, likita kuma marubuci mazaunin Faris, wanda ya rasu a 1923. David Wolffsohn ya shugabanci ƙungiyar Sahayoniya daga 1905 zuwa 1911, idan kuwa ka ga Chaim Weizmann, wani jagoran ƙungiyar, ko Arthur Balfour, sakataren harkokin wajen Birtaniya na lokacin, to mafi rinjaye katin ya biyo bayan sanarwar Balfour ta 2 ga Nuwamba 1917, wadda a cikinta Birtaniya ta goyi bayan samar wa Yahudawa gida a Falasɗinu.

A ganina a nan ne ya kamata ɗalibin tarihi ya fi tsayawa. Mutanen da suka sayi waɗannan katuna yawancinsu talakawa ne da suka guje wa kisan gilla a daular Rasha, suna aika gaisuwa ga iyaye da 'yan'uwan da teku ta raba su da su, kuma ta wannan hanya ce fuskar Herzl ta shiga gidajen da ba su taɓa halartar taron siyasa ba. Amma ka lura da ƙasar da aka zana a bayansa: dabino da rana mai fitowa da manomi riƙe da garma, alhali da wuya ka ga garuruwa da gonakin Larabawan Falasɗinu, waɗanda su ne mafi rinjayen mazauna ƙasar a lokacin, kuma kimanin 700,000 daga cikinsu suka rasa gidajensu a yaƙin 1948. Wanda zai rubuta bayanin katin, ko don makaranta ko don mai saye, ya kamata ya ambaci abin da aka zana da abin da aka bari, ya kuma san cewa Yahudawa da yawa na wancan zamani, malaman addini da 'yan ƙungiyar ƙwadago ta Bund, ba su goyi bayan Herzl ba.

Jabu kuwa ba ya wuyar ganewa idan kana da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Tsohon bugun launi yana da ɗige-ɗige marasa tsari, kuma sau da yawa yatsa yana jin tudun furanni ko ruwan zinaren da aka matsa a jiki, sabon kwafi kuwa sumul yake, takardarsa fara ƙal.

Babban abokin gabar katin a Legas shi ne laima, musamman a tsakiyar damina, lokacin da takarda ke yin fumfuna cikin 'yan makonni. Kada ka kai shi a liƙe maka da leda mai zafi kamar takardar shaidar makaranta, domin ba ya sake ɓarewa kuma darajarsa ta faɗi ke nan. Ka ɗauki hoton gaba da baya da wayarka, ka sa kowane kati cikin farar takarda mai tsabta shi kaɗai, ka ajiye su a robar da ke rufuwa sosai tare da 'yan ƙunshin busar da laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, nesa da bango da ƙasa saboda gara, sannan ka rubuta shekarar da ka gano da fensir a jikin takardar naɗin.