Yadda Ake Saita Taimin da Kashe Zafin Inji Bayan An Ƙara wa Babur Matsi

Ba zan tsaya kan yadda ake sa ringi ko ɗaure kan silinda ba, wanda ya kai ga buɗe inji ya san wannan. Maganata a kan abin da ke biyo baya ce: ka goge kan silinda ko ka sa fistan mai tudu, matsin injin ya tashi daga wajen 9 zuwa 10.5 ko 11, ka buga kik ya tashi da ƙara mai daɗi, sai ka ɗauka aiki ya ƙare. A nan ne yawancin yara ke ƙona kuɗinsu. Misalaina na Honda CG125 ne da 'yan uwansa na Sin da suka cika kasuwa, amma dokar ɗaya ce a kan duk inji mai sanyaya da iska.

Kafin ka taɓa wuta, auna tazarar da ke tsakanin gefen fistan da kan silinda. Cire fulogi, zura wayar dalma mai laushi ta ramin har ta kai bango, juya injin da hannu fistan ya matse ta, sannan ka zaro ka auna. Ni ba na yarda da ƙasa da milimita 0.8, kuma ba na son ta wuce 1 da yawa. Idan ta yi ƙasa, canza gaskit. Sai tazarar bawul: milimita 0.08 a CG125, a auna lokacin da inji ya yi sanyi.

Yanzu taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi. Mai da iska idan an matse su sosai sun fi saurin cin wuta, saboda haka tartsatsin fulogi ba ya bukatar zuwa da wuri kamar da. Wato injin da aka ƙara wa matsi baya ake ja masa da wuta. Yaran gareji kuwa akasin haka suke yi. Su sayo CDI, wato akwatin da ke ba fulogi wuta, irin wanda ake kira na gudu, wanda sau da yawa gaba yake ƙara tura wutar, su ji babur na zabura da an taɓa totur, su ce ya yi lafiya. Ajiye wannan akwati, mayar da na asali.

Buɗe murfin maganeto. A jikin ƙarfen da ke juyawa za ka ga alama biyu, T da F. T ita ce inda fistan ya kai ƙololuwa, F kuma inda wuta ke tashi a sulo. Haska da fitilar taimin inji na aiki, F ta tsaya daidai da layin jikin murfi. Idan ba ka da fitilar, ara ko ka haɗa kuɗi da maƙwabcinka ku saya, kuɗinta bai kai na fistan da silinda sabbi ba. Idan F ta kauce tun ba ka taɓa komai ba, duba ɗan makullin da ke riƙe maganeto a kan sanda, yana iya yankewa.

Daga nan ja wutar baya da digiri 2. Ga lissafin: zagaya zare a jikin maganeto, auna tsawonsa, raba shi 360. A waɗannan ƙananan injuna amsar kusan milimita ɗaya ce kowane digiri. Kwance ƙaramin kwayil ɗin da ke karanta juyin maganeto, ɗan faɗaɗa ramukan kusoshinsa da zarto siriri, ka matsar da shi milimita biyu ta ɓangaren da maganeto ke juyawa. Bin juyi jan baya ne, saɓa wa juyi tura gaba ne. Rubuta wannan a bango idan ya kama, domin na sha ganin wanda ya juya shi.

Sai gwaji, kuma a nan zan daɗe, don a nan na sha tawa. Ɗumama injin sosai, nemi hawa, sa giyar ƙarshe kana tafiya a hankali, sannan ka murɗa totur gaba ɗaya. Kasa kunne kusa da tanki. Abin da kake nema wata 'yar ƙara ce siririya, kamar an zuba tsakuwa uku a gwangwanin madara ana kaɗawa. Wannan ita ce ƙarar man da ke fashewa da kansa maimakon ya ci a hankali, kuma kowane ƙas da ka ji guduma ce a kan fistan. Da ka ji, saki totur, koma ka ƙara jan digiri ɗaya.

Ni na ji tawa a hanyar Kano zuwa Zariya cikin watan Afrilu, da goyon buhu a baya, na ce wa kaina sarƙa ce ta saki. Salansar da na sa mai ƙara ce, tana rufe rabin abin da ya kamata in ji. Ban kai Kwanar Dangora ba babur ya yi tari sau biyu ya mutu, kik ya koma lagwai-lagwai. Da muka buɗe, tsakiyar fistan ya huje, ramin ya isa ɗan yatsa ya shiga, gefensa kamar ɓera ya gwaguya. Tun daga ranar ba na gwajin taimin sai da salansar asali, kuma sai da rana tsaka. Gwajin asuba lokacin hunturu yaudara ne. Injin da ya yi shiru a sanyin Janairu zai iya yin kuka a zafin da ya haura digiri 40.

Fulogi ma yana ba da labari. Bayan gudu mai ƙarfi kashe injin nan take, cire shi ka duba farin tangaran ɗin. Launin shayi da madara shi ake so. Fari fat na nufin mai ya yi kaɗan. Ɗigo-ɗigo baƙi kamar barkono, ko masu ƙyalli kamar azurfa, to fistan ne ya fara narkewa, kada ka ƙara tuƙawa.

Amma kada tsoro ya sa ka ja wutar baya fiye da kima. Wutar da ta makara tana ƙarasa ci ne a bakin salansa, bututun ya yi shuɗi, bawul ɗin fitar hayaƙi ya ƙone, babur ya yi nauyi. Tsaya a digiri ɗaya bayan inda ƙarar ta ɗauke.

Sauran maganin zafi ba wuya. Ƙara girman babban jet na kafireta, wato ramin da mai ke bi, mataki ɗaya ko biyu, misali daga 100 zuwa 102 ko 105. Zai ɗan ƙara shan mai, na sani, kuma na san yadda farashin lita yake, amma man nan yana sanyaya fistan. Sa fulogi mai sanyi, wato mai saurin fitar da zafi: a NGK lamba babba ita ce mai sanyi, daga D8EA ka koma D9EA. Baƙin mai 20W-50 na babur, mai alamar JASO MA, ka juye shi bayan kilomita 500 na farko. Man 'yan bumburutu kuwa haramun ne a wannan injin, ba ka san me aka gauraya ba. Wanke laka daga tsakanin fukafukan silinda, kada ka lafta musu fenti, kada ka bar shi yana sulo a cunkoso minti goma, kuma kada ka kwara masa fiya wata yana da zafi.

Bayan tafiya biyu ko uku ta farko, bar shi ya kwana, da safe ka sake ɗaure kusoshin kan silinda a gicciye, ka sake auna bawul, musamman na fitar hayaƙi, shi ne ke saurin matsewa.