Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora wa manhajar gini aikin rage girman hotuna

A Jos yanzu da wuya ka sami mai sana'ar da ba ya son a ga kayansa a intanet. Masu atamfa da shadda na Terminus, dillalan dankalin Turawa da kabeji na Farin Gada, masu masaukin baƙi na Rayfield, kowa shafi yake nema, kuma kaya ba sa sayuwa sai da hoto. Sai dai hoton da wayar zamani ke ɗauka yakan kai faɗin piksel 4000 da tsayi 3000, nauyinsa kuma megabait 3 zuwa 5. Ka jera ashirin irinsa a shafi ɗaya, ka cinye wa mai saye wajen megabait 80 kafin ya ga farashin turmi guda. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan cuta ce ta gaske ga mutumin da ya sayi datar kwana ɗaya.

Shi ya sa nake goyon bayan duk wanda ya daina rage hotuna ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya bar wa manhajar gini aikin, wato manhajar da ke shirya fayilolin shafi da kanta kafin a ɗora shi a intanet, Gulp ce ko Vite ko webpack, ko ɗan gajeren rubutun Node da ke kiran sharp, manhajar sarrafa hotuna. Ka zuba hotunan asali a folda guda, ita kuma ta fitar da kowanne a faɗi uku ko huɗu, burauza ta zaɓi wanda ya dace da allon da ke gabanta. Amma na'ura ba ta da ido. Abin da ka gaya mata shi za ta yi wa hoto ɗari uku a jere, daidai ne ko kuskure, kuma ba za ta yi maka magana ba.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa ma ba a cikin manhajar ginin yake ba, a cikin HTML yake. Mutum ya fitar da hoto a faɗin 400 da 800 da 1200 da 1600, ya jera su a srcset, wato jerin hotunan da burauza za ta zaɓa daga ciki, ya ga folda ta cika da ƙananan fayiloli, hankalinsa ya kwanta. Bai rubuta sizes ba, wanda shi ke gaya wa burauza faɗin gurbin hoton. To, burauza tana fara sauke hotuna tun kafin ta gama karanta CSS, saboda haka a lokacin da za ta yi zaɓi ba ta san faɗin gurbin da hoton zai zauna ba. In ba ka gaya mata ba, ƙa'idarta ita ce ta ɗauka hoton zai cika faɗin allo gaba ɗaya, wato 100vw.

Mu yi lissafin da irin wayar da ke hannun mutanenmu. Ƙananan wayoyin Tecno da itel da Infinix da yawa faɗin allonsu a ma'aunin CSS 360 ne, kowane piksel na CSS kuma piksel biyu ne na ainihi. A shafin kayan sayarwa mai hotuna biyu-biyu a jere, gurbin kowanne bai wuce 180 ba. Ninka shi biyu, 360. Hoton 400 ya wadatar, har da saura. Amma da yake babu sizes, burauza za ta ninka 360 ɗin allo gaba ɗaya, ta sami 720, ta ɗauko na 800. Faɗi ya ninka biyu, tsayi ya ninka biyu, yawan piksel ya ninka huɗu, a kan kowane hoto na shafin. A laftof mai faɗin 1366 inda hotuna ke jere huɗu-huɗu abin ya fi muni: gurbi bai fi 340 ba, ita kuwa na 1600 za ta sauke. Duk wahalar da ka sha wajen shirya manhajar gini ta tafi a banza, ƙananan hotunan suna nan kwance a sabar ba wanda ya taɓa su.

Gyaran bai da wuya, natsuwa kawai yake so. Ka buɗe CSS ɗinka ka ga yadda hoton yake zama da gaske, sannan ka faɗa wa sizes gaskiya: idan faɗin allo ya kai 900, hoton 25vw ne, wato rubu'in allo, in bai kai ba 50vw ne, wato rabinsa. Kada ka rubuta sizes guda ka manna wa duk hotunan shafi, domin babban hoton sama da ƙaramin hoton kaya ba gurbinsu ɗaya ba. Ranar da ka sauya tsari daga jere biyu zuwa uku, ka koma ka gyara shi, don ba ya gyara kansa.

Wajen gwaji ma ana yaudarar kai. Mutum ya buɗe shafi a babban allo, ya ja tagar burauza ta ƙanƙance, ya ga har yanzu babban hoton ne, ya ce srcset ba ya aiki. Chrome in ta riga ta sauke babban hoto ta ajiye, ba ta wahalar da kanta ta sauke ƙarami. Ka buɗe kayan aikin masu gini, ka zaɓi allon waya tun farko, ka kashe ma'ajiyar wucin gadi, sannan ka sake loda shafin ka duba sashen Network. Ko ka tambayi currentSrc na hoton, shi zai faɗa maka sunan fayil ɗin da aka ɗauko. Wanda ya fi duka shi ne ka kashe wayifai, ka buɗe shafin da datar wayarka.

Sai batun ƙara wa ƙaramin hoto girma. Yawancin hotunan da masu kaya ke turo mana ta WhatsApp suke zuwa, kuma WhatsApp yana matse su, wani lokacin ma hoton allo ne aka ɗauka daga wani wuri, faɗinsa bai wuce 700 ba. Ka ce wa sharp ta yi maka 1600, za ta yi, ta ja shi ya fashe, ya yi dishi-dishi, ya kuma fi na asali nauyi. Maganinsa withoutEnlargement: true a cikin resize, ko alamar > a bayan ma'auni ga mai amfani da ImageMagick, wata manhajar sarrafa hotunan. Amma a nan akwai wani rami da ba kowa ke lura da shi ba. Bayan ka hana ƙara girma, fayil ɗin da aka sa wa suna atamfa-1600.jpg faɗinsa na gaskiya 700 ne, kai kuma ka rubuta 1600w a srcset. Burauza ba ta aunawa, maganarka take ɗauka, don haka lissafinta zai karkace, har hoton ya iya fitowa ɗan mitsitsi in CSS bai ƙayyade faɗinsa ba. Idan sharp ta gama rubuta fayil tana dawo maka da ainihin faɗi da tsayinsa, to da wannan za ka gina srcset, kuma ka tsallake duk faɗin da ya fi na asali. Tun daga tushe kuma ka roƙi mai kaya: “Hajiya, don Allah a sake turo su ta wajen Document, kada a turo su a matsayin hoto.” Ta nan suna isowa yadda waya ta ɗauke su.

Hotunan asali kuwa amana ce. Tela ba ya mayar da yadin da ya riga ya yanka, haka piksel ɗin da aka zubar ba ya dawowa. Umarnin mogrify na ImageMagick a kan fayil ɗin da ka ba shi yake rubutawa, ya shafe na asali, in ba ka nuna masa wata folda ba. Kuma JPEG duk lokacin da aka sake matse shi sai ya ƙara lalacewa. Foldar asali daban, foldar fitarwa daban, kuma kada ta biyun ta zauna a cikin ta farkon. In ta zauna, mai gadin da ke lura da sababbin fayiloli zai ɗauki abin da aka fitar a matsayin sabon hoto, ya sake rage shi, ka wayi gari da sunaye irin shadda-400-400-400.jpg sun cika maka faifai.

Akwai wanda ya fi damuna, domin ya wuce batun data, ya shafi sirrin mutane. Idan aka ɗauki hoto da waya a tsaye, sau da yawa wayar ba ta juya piksel ɗin, a kwance take ajiye su, sai ta rubuta a cikin bayanan EXIF, wato bayanan da ke ɓoye a cikin fayil ɗin hoto, cewa a juya wajen nunawa. Ita kuma sharp bisa al'adarta tana cire waɗannan bayanai daga abin da ta fitar. Sakamakon haka mai sanye da doguwar riga sai ya fito a kwance. Mutum ya yi bincike, ya ga withMetadata tana gyara abin, ya saka, hoto ya miƙe, ya yi murna. Abin da bai sani ba shi ne ya bar duk bayanan EXIF, har da lambobin GPS in wayar tana rubuta su. Matar da ke sayar da turaren wuta daga ɗakinta a Unguwar Rogo, ka ɗora wa duniya taswirar ƙofar gidanta ba da saninta ba. Hanyar da ta dace ita ce ka kira rotate ba tare da ka ba ta wata lamba ba, tun kafin resize. Za ta karanta EXIF, ta juya piksel ɗin da gaske, sannan a zubar da bayanan. Mai ImageMagick ya sa -auto-orient kafin -strip, kada ya juya jerin.

Masu Gulp su lura da wannan. Tun fitowar Gulp 5 a watan Maris na 2024, src, umarnin Gulp na ɗauko fayiloli, tana ɗaukar kowane fayil a matsayin rubutu na UTF-8, kuma hakan yana lalata hotuna, su fito ba sa buɗuwa. Tsofaffin darussan da ke yawo ba su ambaci haka ba domin a zamaninsu babu matsalar. Ka ƙara encoding: false a wajen ɗauko hotunan, shi ke nan.

Sunayen fayiloli ma suna ja wa mutane ɓacin rai. Kyamarori da yawa da manyan baƙaƙe suke rubuta JPG, tsarin bincikenka kuma ƙananan baƙaƙe ya sani, sai a tsallake rabin hotuna shiru. Windows ba ta damu da bambancin Riga.jpg da riga.jpg ba, sabar mai Linux ta damu, shi ya sa shafi ke aiki a kwamfutarka ya ƙi a intanet. Fili a tsakiyar suna kuwa yana karya srcset kai tsaye, domin da fili ake raba adireshi da faɗi. Ka sa manhajar ta mayar da kowane suna ƙananan baƙaƙe, ta sa karan ɗori a gurbin fili, ta mayar da ƙ da ɗ da ɓ zuwa k da d da b. Ƙugiyoyin ka adana su a rubutun alt, wato bayanin hoton, inda mai karatu ke amfana da su. In kuma mai kaya iPhone gare shi, hotunansa na iya zuwa a HEIC, wanda sharp ɗin da ake saukewa kai tsaye ba ta buɗewa, sai an fara mayar da su JPEG.

Game da nau'in fayil, WebP ya daɗe da zama lafiyayye, Safari ma ta karɓe shi tun 2020. AVIF ya fi matsewa, Chrome ta karɓe shi a 2020, Firefox a 2021, Safari a 2022. A cikin picture, alamar HTML da ake jera nau'o'in hoto ɗaya a cikinta, burauza na farkon da ta iya take ɗauka, don haka AVIF a sama, WebP a ƙasa da shi, JPEG a cikin img. Wanda ya juya jerin ya yi AVIF ɗin da ba wanda zai sauke. Kada kuma a mayar da komai JPEG: tambarin PNG mai bayan da ba shi da launi zai fito da baƙin bango, SVG kuwa ba ya buƙatar ragewa sam. Lambar inganci ma ba ɗaya take ba a tsakaninsu, shi ya sa sharp ke farawa da 80 ga JPEG da WebP amma 50 ga AVIF. Zanen atamfa mai ƙananan layuka da takardar talla mai rubutu sun fi saurin nuna lalacewa, da su za ka yi gwaji da idonka kafin ka tsayar da lamba.

Zari wajen yawan faɗi shi ma kuskure ne. Faɗi 8 a nau'i 3 ga hoto 300 fayil 7,200 ke nan, kuma AVIF yana cin lokaci wajen haɗawa. Wanda ke aiki da batirin laftof bayan an ɗauke wuta ya san darajar wannan lokacin. Faɗi huɗu sun ishi yawancin shafuka. Sannan babu dalilin sake yin hoton da bai canza ba a kowane gini: Gulp tana da lastRun da gulp-newer, Hugo da Eleventy kuma suna iya tsallake abin da suka riga suka yi, muddin ba ka share musu foldar da suka ajiye shi a kowane zagaye ba.

Tunda manhajar ta san faɗi da tsayin kowane hoto, ka sa ta rubuta width da height a kan img. Da su burauza ke keɓe gurbi tun kafin hoto ya iso, in babu su rubutu zai riƙa tsalle, mai saye ya kai yatsa zai taɓa wannan, ya taɓa wancan. Haka loading="lazy", mai jinkirta sauke hoto sai an kusa isa wurinsa, na hotunan ƙasa ne. Kada ka manna shi a babban hoton sama, domin ma'aunin Google na LCP yana son babban abin da ke allo ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kai kuma ka jinkirta shi da hannunka. Shi fetchpriority="high" ya kamace shi.

Saura kiran da kowane mai gina shafi ya sani: “Malam, na ce a canza hoton nan, har yanzu tsohon nake gani a wayata.” An canza ɗin, amma da sunan da, wayar Alhaji kuma ta riga ta ajiye tsohon. Ka sa manhajar gini ta lissafa gajeriyar lambar shaida daga abin da ke cikin hoton ta haɗa da sunan, kamar kabeji-800.a3f9c1.webp. Hoto ya canza, suna ya canza, burauza ta sauke sabo nan take, sauran da ba su canza ba kuma kana iya ba su izinin zama a waya har shekara guda ta Cache-Control, umarnin da sabar ke ba burauza kan tsawon lokacin ajiye fayil, mai saye ya dawo gobe bai sake biyan datarsu ba.