Yadda Ake Gane Ƙwari da Ɓeraye Sun Shiga Gida Tun Kafin Su Yi Yawa

Yawancin ƙwarin da ke addabar gida ba sa fitowa da rana, shi ya sa mai gida kan daɗe yana zaune da su bai sani ba. Abin da ake nema a bincike shi ne alamun da suka bari, wato kashi, ƙwai, saɓa, wari da ɓarna. Za a buƙaci tocila mai haske, siririyar wuƙa da ɗan toka mai laushi.

A fara da wurin kwana, inda kuɗin cizo ke ɓuya. A yaye zanen gado, a haska ɗinkin katifa daga farko zuwa ƙarshe, sannan a zura bakin wuƙa a mahaɗar katakon gado, da tsagar bango, da bayan duk abin da aka rataye kusa da kai. Babban kuɗin cizo bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba, launinsa ja ne mai duhu, amma sau da yawa kashinsa ake fara gani, wato baƙaƙen ɗigo-ɗigo da suka taru wuri guda, waɗanda ke narkewa su yi jirwaye idan aka goga musu jiƙaƙƙen tsumma. Yana saɓa sau 5 kafin ya girma, don haka akan tarar da busasshen ɓawonsa tare da fararen ƙwai masu tsawon milimita 1. Ƙuraje a jiki kaɗai ba hujja ba ne, domin sauro da ƙuma ma suna haddasa su, kuma akwai mutanen da cizon ba ya bar musu wata alama. Katifar gwanjo da akwatin ɗalibin da ya dawo daga makarantar kwana sun cancanci wannan bincike tun a tsakar gida. Kulle ɗaki da fatan yunwa ta kashe shi ɓata lokaci ne, domin yana iya yin watanni bai sha jini ba.

Daga nan a koma kan gara. A bi gindin bango, azara, ƙyaure da silin, ana neman siraran hanyoyin ƙasa da take ginawa don ta tsere wa haske da bushewa. A ƙwanƙwasa katako da ƙotar wuƙa: idan ya yi ƙarar fanko, ta cinye cikinsa ta bar bayan. Domin a san ko tana nan har yanzu, a fasa ɗan yanki na hanyar a bar shi kwana biyu ko uku. Idan an dawo an tarar an liƙe wurin, to aikinta bai tsaya ba. Tarin fukafukan shinge, wato garar da ta yi fukafukai, a cikin ɗaki a farkon damina ma abin lura ne, kuma kada a manta da akwatin littattafai da takardun fili.

Kyankyaso ba shi da wuyar ganewa. A shiga madafa da tsakar dare a kunna fitila kwatsam, sannan da safe a duba bayan firiji da kusurwar kwabad ko akwai jakar ƙwansa mai launin ƙasa. Jaka ɗaya ta ƙaramin nau'in tana ɗauke da ƙwai 30 zuwa 40. Ganinsa yana yawo da rana tsaka yakan nuna cewa maɓoyarsa ta cika.

Ɓera ne ya fi buƙatar taka-tsantsan. Alamunsa su ne baƙin kashi mai kamar ƙwayar shinkafa, hudajjen buhu, gutsuren sabulu ko wayar lantarki, da layin dauɗa mai maiƙo a gindin bangon da yake bi kullum. A barbaɗa toka a wurin da ake zargi kafin a kwanta; da safe sawunsa zai nuna inda yake fitowa, kuma ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta ramin da bai wuce milimita 6 ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau a 1969, yana yaɗuwa ne ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa, kuma ya fi ƙamari da rani. Saboda haka kada a share kashin ɓera a bushe. A sa safar hannu, a jiƙa shi da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, a jira minti 5 kafin a kwashe, abincin da ya taɓa kuwa a zubar da shi. Jaɓa, mai dogon baki da wari, ƙwari ta fi ci, don haka ba ita ce ke ɓarnar hatsi ba.

A ƙarshe a duba rumbu da buhunan ajiya. A zura hannu har tsakiyar buhu a ɗebo wake: fararen ɗigo manne a jikin ƙwayar ƙwai ne, ramuka masu zagaye da gari a gindin buhu kuwa suna nuna ƙwaro ya riga ya fito. Irin wannan wake a tankaɗe shi, a shanya shi a rana mai zafi, a zuba a buhu mai riɓi uku ko jarka mai murfi, a rufe yadda iska ba za ta shiga ba. Kada a zuba fiya-fiya a kan abinci, kuma kada a ajiye ƙwayar maganin hatsi a ɗakin da mutane ke kwana, domin iskar da take fitarwa tana kashe mutum.